Ta Bakin Madam Margaret

"Wallahi ba da ni ba!" Dada, mahaifiyar Suwaibatu, ta dire rariya a tsakar gidansu da ke unguwar Hammadu Kafi. "Ki tsaya gaban uban yaron da za ki aura kina zuba Turanci? Suwaibatu, so kike a ce ban koya miki kunya ba?"

"Dada, bincike ne fa, kan yadda za a koyar da fiziks yaran sakandare su gane. A sashenmu na jami'a shi kaɗai ke ɗaukar ɗalibai, kuma sai ya ji bayanin mutum da bakinsa."

"To ki haƙura!"

Hawaye suka zubo mata. Tun aji ɗaya take mafarkin wannan gurbi, ga shi ƙaddara ta ajiye shi a hannun Dakta Bamanga, mahaifin Salahuddeen. Tun da aka sa rana, in ta hango hularsa a baranda sai ta yi kwana kamar ta manta wani abu. Ko sunansa ba ta iya faɗa.

Da yamma Salahuddeen ya zo zance, ya tarar idanunta sun kumbura.

"Don Allah ka yi masa magana mana!"

Ya sosa ƙeya. "Ni? Suwaiba, ɗan fari nake fa. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, sai yaron nan. Ta ina zan fara?"

"Wato karatuna ya mutu ke nan saboda ina son ka?"

Ranar suka rabu ba ko murmushi.

Ba ta yi wa Dada musu ba, ba ta kuma daina shiri ba. Kullum tana ɗaure dutse da zare, tana gwada darasin lilo a kan bangon ɗaki, gabanta na faɗuwa duk lokacin da ta ji an ce wani ya sami gurbi.

Wata safiya Madam Margaret, malamar da ke aikin tare da Dakta, ta tare ta tana dariya.

"Ke, me ke tsakaninki da Oga? Kin hango shi kin juya, shi ma ya hango ki ya faɗa ofis ɗin da ba nasa ba!"

Ashe shi ma gudunta yake! Suwaibatu ta sunkuyar da kai ta faɗi komai. Madam da kanta ta hau keke har Hammadu Kafi, ta durƙusa ta gaida Dada, ta yi mata alkawari: ba ido cikin ido, ba magana baki da baki. Da ƙyar Dada ta ce, "To, Allah ya rufa asiri."

Ranar gwajin, Suwaibatu ta fuskanci allo, Madam na zaune a tsakiya. Dakta kuwa ya juya kujerarsa yana kallon taga.

"Madam, ki tambaye ta, yaron da ya ce dutse mai nauyi ya fi saurin lilo, me za ta ce masa?"

"Madam, ki ce masa..." in ji Suwaibatu. "Ba zan ce ya yi kuskure ba. Zan miƙa masa duwatsu biyu da zare, ya gwada da hannunsa."

Dakta ya ci gaba da kallon taga, har ta fara jin ta ɓata komai.

"Madam," Dakta ya yi gyaran murya, "ki ce mata ta fara ranar Litinin." Ya miƙe, sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba. "Kuma in kin ga yaron nan, ki ce masa ya iya zaɓe."

Da Madam ta faɗa wa Salahuddeen, ƙato da shi, sai da ya juya baya ya share ido.

'Yan uwana mata, kunya ba ta hana neman ilimi, kuma haƙuri da iyaye bai taɓa rufe ƙofa ba. Suwaibatu ta gama bincikenta, an ɗaura aure, kuma har yau ba ta san launin idon surukinta ba.