Sunan Da Ba A Buga Ba

Ranar da maɗaba'ar jami'a ta baje sababbin littattafanta a harabar makaranta, Shamsiyya ba neman saurayi ta je yi ba. Mujallar adabi ta je saya, don malaminsu ya rantse duk wanda bai karanta sabuwar fitowar ba kada ya shigo masa aji.

Tana tsaye gaban tebur tana bubbuɗa mujallar, sai ta faɗa kan wani gajeren labari. Shafi ɗaya ta karanta ta taɓe baki.

"Wannan marubucin bai san mata ba sam," ta ce da saurayin da ke jera littattafai. "Wace mace ce za a yi wa laifi ta ce ba komai, kuma a ce da gaske ba komai ɗin?"

Saurayin ya sosa ƙeya. "To, za a gaya masa."

"Ka san shi ne?"

"Tun yana goye." Ya ɗora yatsa kan sunan da ke saman labarin, Sharhabil Adamu, sannan ya nuna ƙirjinsa.

Kunya ta kama ta kamar ta nutse, amma Shamsiyya ba ta iya janye magana ba. Ta gyara mayafi ta ce, "To ai gara da ka ji da kunnenka."

Daga nan aka fara. Sharhabil malamin sakandare ne a Rigachikun, kuma maɗaba'ar ta karɓi littafinsa na farko bisa sharaɗin ya yi gyara. Duk babin da ya gama sai ya kawo mata gidansu a unguwar Kinkinau da la'asar, ita kuwa ta bi shi da jan biro ba sani ba sabo. Shi ya sa mata suna Mai Jan Biro, ita ta rama da Malam Alƙalami.

Mahaifinta, Malam Gambo, tela ne a Kasuwar Barci, da ya ji sana'ar yaron sai ya haɗe rai.

"Marubuci? Mutumin da zai ci tuwo a gidanka yau, gobe ka tsinci kanka a littafi? Bakinsu ba ya riƙe magana."

Da ƙyar Umma ta shawo kansa ya kira Sharhabil shago. Sun daɗe suna magana su biyu. Bayan nan Malam ya ce zance dai ya yarda, batun aure kuwa sai ya ga kamun ludayin yaron. Shamsiyya ta tambayi Sharhabil me aka ce masa, ya yi murmushi ya ce gaisawa kawai suka yi.

Ana cikin haka A'isha ta shigo rayuwarta. A'isha ita ce editar da maɗaba'a ta ɗora kan littafin, kuma ba ta da lokacin kira sai suna tsakiyar zance. Wayar za ta yi ƙara, Sharhabil ya miƙe har da gyara murya. "Na'am Malama A'isha. A'a, wannan shafin a bar shi yadda na ce, don Allah." Sai ya matsa gefe ya rage murya.

Shamsiyya ta taɓa hango ta sau ɗaya a ƙofar ofishin maɗaba'ar, doguwa mai farin gilashi, da irin dariyar nan ta waɗanda suka san suna da kyau. Tun ranar abin ya tsaya mata a rai. Kishi take yi, kuma ta san kishi take yi, shi ne ma ya fi ba ta haushi.

Ta tura masa saƙo: "Malam Alƙalami, wai biro nawa littafi ɗaya yake buƙata?"

Ya amsa: "Na ofis yana gyara waƙafi, naki yana gyara ni. Kin ci abinci, Mai Jan Birona?"

Ta yi murmushi, amma bai kai zuci ba.

Ranar ƙaddamarwa zauren ya cika, littafin Sharhabil yana jere da sauran sababbin littattafai da sabuwar mujalla. Ya ratso mutane ya miƙa mata kwafi ɗaya yana ƙamshin sabuwar takarda. Ta wuce kai tsaye shafukan farko.

Sadaukarwa ga iyayensa. Ta ce wannan daidai ne. Shafi na gaba fari fat, ko ɗigo babu. Sai godiya. Ya gode wa malamansa, ya gode wa abokansa, ya gode wa mai shayin bakin tasha da ke ba shi benci yana rubutu. Sannan layi uku cur ga "Malama A'isha Ashiru, wadda ta bi littafin nan kalma bayan kalma."

Ta sake karantawa daga sama har ƙasa. Babu Shamsiyya. Har mai shayi ya samu shiga, ita da ta ƙarar da biro a kansa ba ta samu ba. Ta ɗaga kai, ga A'isha can tsaye kusa da shi ana ɗaukar su hoto.

Ya iso yana fara'a. "Ya kika gani?"

"Ya yi kyau."

"Shamsiyya, lafiya?"

"Ba komai," ta ce, ta fita ta tari Keke Napep.

Kafin ta kai gida saƙonsa ya shigo: "Kin ce ba komai. Ke kika koya mini abin da hakan yake nufi. Na san abin da kika nema ba ki gani ba."

Ta rubuta: "To me ya sa?"

"Ba zan iya faɗa miki yanzu ba. Ki yarda da ni, Mai Jan Birona."

"Kada ka ƙara kira na da wannan sunan. Kana da mai jan biron da ka iya bugawa a littafi. Ka je can, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Ta kashe wayar ta kifa kai a filo ta yi kuka mai isarta. Ya zo ƙofar gida ya yi sallama ta ƙi fita, ya sake zuwa ta ce a ce tana barci. Abinci ma sai Umma ta yi da gaske take taɓawa. Son shi take yi kamar ranta, amma duk lokacin da zuciyarta ta fara sanyi sai ta tuna layi ukun nan.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta sami Malam Gambo a tsakar gida, ta durƙusa.

"Baba, maganarka ce ta fito. Na haƙura da shi."

Ya tambayi dalili, ta miƙa masa littafin tana share hawaye. Ya sa tabarau ya duba a tsanake.

"Da kika tsare shi, me ya ce?"

"Wai ba zai iya faɗa ba."

"Ko da kika ce kin rabu da shi?"

"Ko da na ce."

Ga mamakinta sai ta ga Baba yana murmushi har da gyaɗa kai.

"Ni na hana shi," ya ce. "Kin san gwaggonki Ladidi. Tana budurwa wani direba ya rubuta sunanta ɓaro-ɓaro a bayan babbar motarsa. Auren bai yiwu ba, motar kuwa ta yi ta yawo da sunan daga nan har Gusau. Duk wanda ya zo nemanta sai an nuna masa. Mota ma ke nan da ake yi wa fenti, ina ga littafi? Na ce kada in ga sunan 'yata a takarda sai an ɗaura. Na kuma ce maganar ta tsaya tsakanina da shi, in ga ko marubuci zai iya riƙe baki." Ya rufe littafin. "Ya gwammace ki yi fushi da shi da ya saɓa mini. Ki ce ya turo manyansa."

Shamsiyya ta rasa inda za ta sa kanta, daɗi da kunya suka haɗe mata. Ta shige ɗaki ta kunna waya.

"Malam Alƙalami, Baba ya gaya mini. Ka yafe mini."

Amsa ta zo nan take: "Ba komai."

"Da gaske?"

"Ni namiji ne, nawa na gaske ne. Amma na rame, ki tanadi tuwo."

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Ranar walima sai ga A'isha da ƙunshi a hannu. Shamsiyya ta karɓe ta da fara'a, ko da yake sai da ta saci kallon gilashin nan.

"Amarya, ga bugu na biyu, jiya ya fito," in ji A'isha. "Farin shafin nan ya kusa haɗa ni faɗa da shugabanmu. Kullum ina kira in ce a cire, angonki yana cewa wurin wata ne, ya ƙi faɗin ko wace ce. Buɗe ki gani."

Ta buɗe. Shafin da ta bari fari yanzu yana ɗauke da layi biyu:

"Ga matata Shamsiyya Gambo, Mai Jan Biro. Na riƙe sunanki a bakina har Allah Ya halatta mini in faɗe shi."

Ta karanta, ta sake karantawa, hawaye na ɓata mata kwalli. Sharhabil ya sunkuyo ya zaro jan biro daga aljihun babbar rigarsa ya miƙa mata.

"Akwai gyara?"

Ta karɓa, ta ja layi ɗaya a ƙarƙashin "matata", ta mayar masa.

Malam Gambo kuwa kwafi guda ya ajiye kan keken ɗinkinsa. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya buɗe masa shafin ya ce, "Karanta nan, 'yata ce. Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba." Masu kawo ɗinki su ce amin, sannan a auna su.