Dubai ko Karachi

Tun da Salihu ya dawo daga wurin aikinsa a Khumra ɗauke da albishir, gidansu na unguwar Madain Fahd da ke Jidda ya hargitse. Kafilinsa, wato ubangidansa a wurin aiki, shi ne ya yaba da ƙoƙarinsa, ya yi masa kyautar tikiti biyu, shi da amaryarsa Zaituna su je su yi hutun Alhamis da Juma'a. Zaɓi ya rage gare su: Dubai ko Karachi, inda kamfanin yake da rassa.

"Wane zaɓi kuma? Dubai, halas, an gama magana!" in ji yayarsa Zubaidatu. "Ni abayoyi za a sayo mini, da sarƙa, da turare. Ga ƙawayena ma suna da sautu."

Ka san mutanenmu, tafiya taka ce, amma jakar ta dangi ce. Kafin shayi ya huce an gama rabon akwatin da ko saukowa da shi ba a yi ba.

Zaituna dai zuciyarta na can wani wuri. Wajen haihuwarta mahaifiyarta ta rasu a unguwar Sa'alaba, wata maƙwabciya 'yar Pakistan, Khala Nasrin, ta haɗa ta da jaririyarta ta shayar da su tare. Tun Zaituna tana yarinya matar ta koma Karachi, kwanan nan kuma aka bugo waya cewa jiki ya yi nauyi, tana ta ambaton sunanta. Salihu ya san wannan, sai dai a gaban yayarsa bakinsa mutuwa yake yi.

"Yaya," in ji Zaituna a hankali, "da za a bar ni, Karachi nake so..."

"Karachi! Wa kike da shi a can? Ke da ko a nan Jidda ba ki da uwar da za a nuna!"

Maganar ta soki Zaituna har cikin rai. Amma sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri, Yaya. Dubai ɗin za mu je." Ta kwashe kofuna ta shige kicin.

Can Salihu ya iske ta, hawaye na ɗiga cikin ruwan wanke-wanke.

"Habibti, ki yafe mini..."

"Ba komai, Abban gida. Ba na son in raba ka da 'yan'uwanka. In da rabon mu gana, za mu gana."

Kunya ta rufe shi. Ya wuce ɗakin mahaifiyarsa, ya durƙusa, ya zayyana mata komai. "Ummi, ko Yaya za ta yi fushi, ni Karachi zan kai matata."

Tsohuwa ta ajiye carbi ta zuba masa ido.

"Ta shayar da ita, ka ce? Nono fa?"

"Nono, Ummi, har yaye."

"Innalillahi! Ashe kana da suruka a duniya, ka ɗauki 'yarta ka ajiye a ɗaki ba ka je ka gaishe ta ba? Ni na haifi wannan rashin kunyar? Zubaidatu! Zo nan!"

Zubaidatu ta shigo tana shirin magana, Ummi ta katse ta. "Bakin da ya ce ba ta da uwa, shi zai ba ta haƙuri. Yalla! Sannan ki ɗaure dabino da zamzam da turmin atamfata sabuwa, gaisuwar surukai za a je."

Haka kuwa aka yi, tana tura baki tana ɗaure kaya.

Ranar Alhamis da la'asar, a wani ƙaramin gida a Karachi, wata tsohuwa ta lalubi fuskar Zaituna da hannuwa biyu, ta fashe da kuka tana cewa da Larabci, "Binti! Binti!" wato 'yata. Salihu ya cire takalmi, ya tsuguna har ƙasa yadda ake yi wa suruka a gida. Khala Nasrin ba ta jin Hausa, amma ta ɗora hannu a kansa ta daɗe tana sa masa albarka, Zaituna kuwa dariya take hawaye na zuba, don murna ta gama cika ta.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Kuma duk namijin da yake son matarsa da gaskiya, to ya girmama wadda ta raine ta, ko da a bangon duniya take.