Gawar Badamasi a Ƙofar Ruwa

Ku yi min afuwa tun kafin ku fara. Ni karatu kawai na saba, shi ma a ƙuryar ɗaki, ban taɓa rubuta abin da idon wani zai gani ba. In kun ci karo da kuskure ku kau da kai, labarin ne ya hana ni sakat.

Sufeto Maharazu yana tsaka da karyawa aka bugo masa waya. An tsinci gawa a kanal ɗin ban-ruwa na Tsamiyar Kwari, wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ya ture kofin kunun, ya ƙwala wa Saja Iliyasu kira, suka faɗa mota.

Kafin su isa, bakin kanal ya cika maƙil. An riga an tsamo gawar an rufa mata zane. Da Sufeto ya ɗaga zanen sai da ya runtse ido. Ƙeyar mutumin a fashe take.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wane ne?"

"Ƙanina ne, Yallaɓai," in ji wani dattijo mai furfura, muryarsa a dushe. "Badamasi. Shi ke kula da ƙofar ruwan nan."

Mai maganar shi ne Malam Suhaibu, shugaban ƙungiyar manoman rani na ƙauyen. Ya yi wa Sufeto bayani a gurguje. A daidai wurin nan kanal ya rabu gida biyu, reshen gabas da reshen yamma. Yashi da ciyawa sun cinye cikinsa, an yi alkawarin yashewa har an gaji da jira, ruwan ya daina isar kowa. Shi ya sa ƙungiya ta kafa doka: mako guda na yamma, mako guda na gabas. Badamasi ke murɗa ƙofar ƙarfen, ya sa kwaɗo, ya tafi da mukulli.

"Kai kana ina jiya da yamma?"

"Ina Garun Malam, taron maganar yashe kanal ɗin nan. Sai bayan isha na dawo."

Wani saurayi ya kutso, ya jefar da sanda a gaban Sufeto.

"Oga, wane dogon bincike kuma? Ga sandar Dattijo, makiyayin rugar can, ga sawun shanunsa. Ko makon jiya sai da suka yi cacar baki da marigayi. Wallahi yau rugar nan sai ta zama toka!"

Sai a lokacin Sufeto ya lura da jarkar fetur a hannun wani. Su biyu ne kacal da direba, rugar kuwa cike take da mata da yara.

Malam Suhaibu ya ɗaga hannu.

"Ɗan'uwan wa aka kashe, nawa ko naku? Duk wanda ya taka rugar nan ban yafe masa ba. Ku bar hukuma ta yi aikinta."

Samarin suka ja baya suna gunaguni. Wanda ya kawo sandar ya ce sun ji, amma in aka dawo daga maƙabarta ba a kama kowa ba, kada a ga laifinsu.

Sufeto ya tsuguna gaban ƙofar. Kwaɗo a kulle yake ƙam. Ruwa na kwarara gabas.

"Makon su wa ake ciki?"

"Na yamma," mutane suka amsa.

"To me ya kai ruwa gabas?"

Manoman gabas, waɗanda ƙafafunsu duk caɓi ne, suka sunkuyar da kai. Ɗaya ya ce su dai sun wayi gari sun ga ruwa a reshensu, kowa ya ruga ya buɗe wa gonarsa, kafin ma a ga gawar.

Saja ya laluba aljihun mamacin. Babu mukulli.

A rugar, sun tarar ana ɗaure kaya a kan jakuna. Dattijo, wani siririn tsoho, ya fito yana gyara malafa.

"Baffa, yaushe rabonka da bakin kanal?"

"Aradu na fi wata ban je ba."

"To sandarka ce ta je ita kaɗai?"

Matarsa Asta ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta da ƙarfi.

"Faɗa masa gaskiya, Malam, kafin a ƙone mu da ƙarya."

Dattijo ya zauna a kan turmi.

"Ranka ya daɗe, burtalin da ubana ya bi, yau albasa ce a kai. Mashayarmu an mai da ita shinkafa. Ina zan kai dabbobi? Da asuba nake satar hanya in shayar da su. Yau na haska fitila na ga mutum a kife cikin ruwa. Na zura sanda na taɓa shi, na ji ya sandare kamar itace. Na saki sandar na kora shanuna. Na san in na buɗe baki, ni za a ce."

"Ruwan ina ya nufa lokacin?"

"Gabas. Har na yi mamaki."

A hanya Saja ya ce, "Oga, mu tafi da shi mana, ko don a samu lafiya."

"In muka sa masa ankwa, mun gaya wa yaran can gaskiyarsu ke nan. Kuma ka taɓa ganin makiyayin da zai karkata wa manomi ruwa, har ya tsaya ya kulle kwaɗo?"

Daga nan suka nufi injin casar shinkafa na Alhaji Mudassiru, wanda aka ce shi ma ba sa ga maciji da marigayin. Suka same shi zaune kan buhuna, injinan a kashe saboda babu wuta.

"Alhaji, an ce Badamasi ya kai ƙararka kan kana zuƙar ruwa da injin ban-ruwa."

"Sharri ne! Ni ko tiyon wanka ba ni da shi."

Saja ya yaye wani tamfol da ke gefe. Ga injin ban-ruwa, ga tiyo mai kaurin cinya, laka ba ta bushe a jikinsa ba.

"Wannan na wankan jarirai ne, Alhaji?"

Alhaji ya share zufa da hularsa.

"To, nawa ne. Ku da kanku ku duba: wuta babu, man dizal ya fi ƙarfina, shinkafar ma in ban noma da kaina ba injin ya zauna. Amma kisa? A'uzubillahi! Ni a yamma gonata take, makonmu ne. Jiya ana idar da magariba injina ya fara shan iska, na leƙa na ga reshen ya ƙafe. Na yi ta zagin Badamasi, ashe bawan Allah..."

Sufeto ya dubi Saja. Ashe tun magariba aka juya ruwan, lokacin da kowa ya bar gona ya tafi masallaci.

Ana can ana haƙa kabari, su kuwa suka bi reshen gabas a ƙafa. Sufeto ɗan manomin rani ne, ya taso da laka a farce, don haka gonakin yake kallo, ba mutane ba. Kowane fangali ruwa kwance a ciki yana ƙyalli, alamar shayarwar safe. Haka suka yi ta tafiya, tumatir ɗin na ƙara ƙanƙancewa, ganye na ƙara yaushi, don 'yan ƙarshen layi kullum ragowa suke samu.

Can wajen ƙarshe Sufeto ya ja birki. Gonaki biyu ne a jere, ƙasar ta shanye ruwanta tsaf, ganye ya miƙe kore shar. Ya taka kunya, takalminsa bai nutse ba. Ya danna lakar da aka toshe bakin gonar da ita, ya ji ta yi tauri.

"Waɗannan tun jiya suka sha," ya faɗa a hankali.

A gona ta biyu wata tsohuwa ce zaune a inuwar dalbejiya tana korar awaki.

"Sannu da hutawa, Iya. Gonarki ce?"

"Ta marayun ɗana ce, ɗan nan. Ni Hawwa, ina ni ina ɗaga fartanya?"

"Wa ya shayar miki?"

"Wa kuwa in ba maƙwabcina ba? Ai haka ake yi a nan: ka sha, ka toshe, ka sakar wa na ƙasa da kai. Shi kuwa har buɗe min yake ya rufe, bai taɓa mantawa ba. Na zo da sassafe na tarar an gama. Allah ya yi wa Suhaibu albarka, ya ba shi haƙurin rashin ƙaninsa."

Sufeto ya waiwaya ya dubi gonar farko, ashe ta Malam Suhaibu ce. Mutumin da ya dogara da shi tun safe, wanda shi kaɗai ya tsaya tsakanin fetur da ruga.

Sun isa ƙofar gidan mamacin daidai ana dawowa daga maƙabarta. Samari sun riga sun hau babura. Malam Suhaibu na zaune kan tabarma yana karɓar gaisuwa.

Sufeto ya tuɓe takalmi, ya zauna kusa da shi.

"Malam, Allah ya jiƙan rai. Yaushe ka shayar da tumatirinka?"

"Da safe, kamar kowa."

"Da safe duk na sama da kai sun buɗe. Ka taɓa ganin ruwa ya tsallake su ya zo ƙarshen layi ya ƙosar da gona biyu? Sai dai in ya zo lokacin da ba wanda ya san yana tafe. Lakar bakin gonarka ta kwana, Malam. Ta Iya Hawwa ma ta kwana."

Carbin hannun Malam Suhaibu ya tsaya.

"In aika Garun Malam a tambayo yaushe aka tashi daga taro?" in ji Sufeto.

Wani babur ya yi ƙara. Malam Suhaibu ya dubi samarin, ya dubi jarkar fetur. Ya sa hannu a aljihun 'yar-shara ya zaro mukulli, ya ajiye a kan tabarma.

"Ku kashe baburan nan," ya ce. "Ni ne."

Wata mata ta ƙwala ihu daga cikin gida. Liman ya miƙe tsaye yana salati, ya koma ya zauna.

"Tun la'asar aka tashi daga taron. Aka ce mu ƙara haƙuri, babu maganar yashewa bana. Bara na noma, kasuwa ta faɗi, na zubar da tumatir a bakin titi shanu suka ci. Bana yana fure yana ƙonewa a kan idona. Na same shi a ƙofa zai tafi salla, na ce, ‘Badamasi, buɗe min na dare ɗaya.’ Ya ce, ‘Yaya, kai fa ka kafa dokar nan. In na buɗe maka, da wane ido zan kalli mutane?’ Na kama ƙarfen murɗa ƙofar, ya riƙe. Na fizge. Ya juya zai kira mutane..."

Ya dubi tafin hannunsa.

"Sau ɗaya ne. Wallahi sau ɗaya ne. Ni na goya yaron nan."

"Kuma ka bar shi a ruwa ka tafi ban-ruwa?" in ji Liman.

"Ban san ina yi ba, Malam. Na ga ruwa ya taho, ƙafata ta bi shi."

Saurayin da ya kawo sanda ya sauko daga babur a hankali. Ya karɓi jarkar daga hannun abokinsa, ya ajiye ta a gindin katanga, ya tsuguna ya rufe fuska.

Saja ya fito da ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya kama hannun Malam Suhaibu ya tashe shi. Mutane suka dare. A bakin mota Malam Suhaibu ya waiwayo.

"A je a gaya wa Dattijo ya kwance kayansa. A ce ya yafe min."

Sufeto ya rufe ƙofar da kansa, ya ce wa direba su bi ta rugar tukuna.

Iyakar abin da zan iya ke nan. Tunda hankalin kowa na kan motar, bari in tattara takarduna in sulale ta baya, kafin wani ya waiwayo ya tambaya ko ni 'yar gidan wa ce.