Ƙarfe Huɗu a Bayan Fage

Abin da ta fara lura da shi ƙaramin abu ne. Kullum ƙarfe huɗu saura minti biyu, Mai Kwale-kwale yakan ajiye wasa, ko da ana tsakiyar yaƙi.

Su goma sha takwas ne a sabar, wani zauren wasa na intanet. Kowa ya ɗauki hali guda, suna rubuta labarin wasu tsibirai tare, wannan ya sa layi, wancan ya ɗora. Ita ce Mai Fitila, mai tsaron hasumiyar bakin teku. Ɗakuna biyu gare su. A Fage ake wasa, can mutum yana iya zama ɓarawo ko jarumi. A Bayan Fage kuwa ake tuɓe rigar wasa, kowa ya yi magana da bakinsa. An liƙa doka ɗaya a saman ɗakin: a nan ba wasa, ba ƙarya.

A nan Mai Kwale-kwale yake rubutawa kullum: "Ku yi haƙuri, lokacin maganin Mama ya yi. Minti ashirin."

Wata huɗu tana karanta wannan layi ba ta ce komai ba. Dama ita magana ba ta dame ta ba. A kantin magani inda take aiki, abokiyar aikinta kan ce sai an matsa ta kamar man goge baki.

Ranar wata Laraba ya sa hoton wani kwalin magani da takardar likita. "Ko akwai wanda ya san inda ake samun wannan? Kanti biyar na zagaya."

Ta ga tambarin asibitin garinsu a jikin takardar likitan. Sau huɗu tana rubutu tana gogewa, sannan ta rufe ido ta tura.

"Muna da shi. Ni mai harhaɗa magani ce." Ta haɗa masa da kwatancen kantin.

Washegari wani dogo ya shigo kantin, maɓallin rigarsa ɗaya ya tsallake gidansa. Ya tsaya gaban kanta yana juya takarda a hannu.

"Ina neman Mai Fitila," in ji shi a hankali.

"Kantin kayan lantarki yana gaba, malam," in ji abokiyar aikinta.

Ita dai Mai Fitila ta miƙo kwalin daga bayan kanta, tana sunkuye. "Bayan abinci ake sha. Kada a haɗa shi da madara."

Ya karɓa da hannu biyu. Ta ɗago sau ɗaya tak, shi ma lokacin ya ɗago.

Mai zanen gine-gine ne. Tun da ɓarin jikin mahaifiyarsa ya shanye, ya kwaso teburinsa daga ofis ya dawo da shi falon gida. Duk wannan a Bayan Fage ta ji shi, kaɗan-kaɗan, kafin su koma saƙo tsakaninsu. A Fage kuwa Mai Kwale-kwale yana nan yadda yake, ya kawo wa hasumiya mai, ya gaishe ta, ya juya. Har ta kasa haƙuri ta tambaye shi dalili.

"Abin da na faɗa a can, Mai Kwale-kwale ne ya faɗa," ya rubuto. "Ba na so ya riga ni, ko da ni na ƙirƙire shi. Fitilata, ni ne nake son ki. Ni mai falo cike da takardu da warin man zafi."

Ta kifa wayar a kan cinya, ta ƙirga kwalaben da ke jere a kantin har sau biyu.

"Na ji," ta rubuta. Can ta ƙara: "Ka gyara maɓallinka kafin ka zo wurin Baba."

Da ya sanar a Bayan Fage cewa zai je gaida mahaifinta, kowa ya yi ta murna, ban da Kyaftin.

Kyaftin shi ya kafa sabar. Ajinsu ɗaya da ita a jami'a, shi ya gayyato ta, ya kuma san gidansu. Shekara guda da ta wuce, 'yan wasa suka kaɗa ƙuri'a a aurar da Mai Fitila ga Kyaftin don a kashe yaƙin tsibirai biyu. An yi kwana uku ana rubuta bikin, har da waliyyai da shaidu. Ita a wurinta labari ne. Shi bai ajiye shi a nan ba.

Ranar Asabar ta dawo daga aiki ta tarar da Baba a falo, tabarau a kan hanci, takardu goma sha biyu jere a tebur. Shekara talatin ya yi yana magatakardan kotu. Mutum ne da bai yarda da baki ba, sai takarda.

"Uwata, zauna." Sunan mahaifiyarsa gare ta, haka yake kiranta ko yana fushi. "Wani abokin karatunki ya kawo min wannan. Wa ya rubuta 'na amince' a nan?"

"Ni ce, Baba. Amma wasa..."

"Wasa." Ya cire tabarau. "Na ga aure ɗari da suka mutu a gabana, ban ga wanda aka ɗaura da wasa ya yi albarka ba. Wanda ya saba aure da wasa, da wasa zai yi saki. Shi wanda kike so ya zo gobe, a cikinsu yake?"

"E, Baba."

"To mutumin da yake wuni yana zama wani, in ya shigo gidana, wa zan gaisa da shi? Ki ce ya zauna."

Umma ta leƙo daga kicin. "Malam, ka bari yarinya ta..."

"Ta yi magana ai. Ga ta nan a rubuce."

Ta shiga ɗaki ta tura wa Mai Kwale-kwale abin da ya faru. Ya amsa:

"Mahaifinki bai yi laifi ba. Ni ma da 'yata ce sai na tsaya. Ba zan zo ta bayan gida ba, kuma ba zan ƙara rubuto miki ba sai ya yarda. Amma ba inda zan je."

Ya kuwa cika. Kwana tara wayarta shiru. Ta daina shiga Fage, hasumiya ta zauna ba wuta. Sai dai kullum ƙarfe huɗu saura minti biyu takan buɗe Bayan Fage ta ga layin nan nasa, ta rufe. A gida ta shirya magana sau ba adadi, da ta tsaya gaban Baba sai harshenta ya yi nauyi.

A kwana na goma ta gane cewa ba sai ta yi magana ba. Ta biya shagon buga takardu, ta buga Bayan Fage kaf, tun daga ranar da Mai Kwale-kwale ya shiga sabar. Shafi ɗari da arba'in. Ba ta cire komai ba, har da inda ta yi kuskure. Ta ɗora su a teburin Baba, dokar ɗakin a sama.

"Baba, ɗaki ɗaya aka kawo maka. Ga ɗayan."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Kwana biyu Baba yana karatu da jan biro, yana yi wa shafuka lamba kamar fayil. Ya ga inda Kyaftin ya kira ta "amaryata" a Bayan Fage, ya ga amsarta a ƙasa: "A nan ni ba matar kowa ba ce. Ina da uba. Don Allah kada ka sake." Ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Sannan ya bi wani layi da ke dawowa shafi bayan shafi, yana duba kwanan wata da lokaci, yana neman ranar da aka yi fashi. Bai samu ba.

Ranar Alhamis da uku da rabi ya sa hularsa. "Uwata, rubuto min kwatancen gidan yaron nan. Kada ki gaya masa."

Sai dab da magariba ya dawo. Ya zauna, ya sha ruwa.

"Na yi sallama, muka fara gaisawa," ya ce da Umma, amma da ƙarfi yadda za a ji daga ɗaki. "Bai san ko ni wane ne ba sai da na faɗa. Ina cikin magana ya dubi agogo ya ce, 'Baba ka gafarce ni, minti ashirin.' Ya bar ni zaune! Ni da na zo yanke masa hukunci."

"To?" in ji Umma.

"Ƙofa a buɗe take. Ya tayar da mahaifiyarsa, ya jingina ta a ƙirjinsa, yana ba ta ruwa da cokali. Tana yi masa faɗa wai ruwan ya yi sanyi." Ya ajiye kofin. "Takarda da ido sun yi daidai. Ki ce wa Uwata ya turo manyansa."

A ɗaki wayarta ta yi ƙara.

"Fitilata, an ce in rubuto. Na manta yadda ake yi."

"Ka fara da maɓalli," ta amsa, hawaye na ɗiga a kan allon.

Kyaftin ya rubuta a Bayan Fage cewa abin da ya yi ba na wasa ba ne, kuma ba daidai ba ne. Ya miƙa sabar ga wata, ya ce a yafe shi. Ta yafe.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da yamma aka taru a farfajiyar gidan ango, don mahaifiyarsa ta ji hayaniyar daga tagarta. 'Yan sabar bakwai suka zo, suna ta kallon juna suna dariya, ashe babban ɓarawon tsibiri malamar jinya ce mai 'ya'ya uku. Baba ya miƙe zai sa albarka.

"Allah ya sa gidanku ya zama ɗaki ɗaya," ya ce, "abin da ke baki shi ne a zuci. Allah ya ba ku masu yi muku kamar yadda..."

Yana cikin addu'ar ta ji kujerar gefenta ta motsa. Ba ta juya ba. Ta ga Baba ya saci kallon agogon hannunsa, ya ci gaba. Ango ya taɓa bayan hannunta da yatsa ɗaya, ya ratsa ta bayan masu amsa amin, ya shige cikin gida.