Babur Ɗin Da Ba A Hawa

Sufeto Mahadi bai kai ga kurɓar shayinsa na safe ba Almu tela ya shigo ofishin 'yan sanda na garin Hajj Abdalla, ƙura har gwiwa. Abin ya ba Sufeton mamaki, don an kwana biyu ba a ga Almu a ƙasa ba. Tun da ya sayi babur, ko ta'aziyya daga kan sirdi yake fara ta.

"Ranka shi daɗe, an ɗauke min motar," in ji Almu.

A ƙauyukan Hausawan Jazira, abin hawa mai ƙafa biyu motar ake ce masa, yadda Larabawa ke faɗi. In ka ce babur, to injin ban ruwa kake nufi. Sai dai Mahadi yakan ji alhazan da ke ratsowa daga Najeriya suna kiran abin hawan babur, kuma shi mutum ne da ba ya yar da kalma in ya tsince ta.

Babur ɗin na hannu ne, baƙi, mai ƙaton tanki. Almu ya saye shi wajen wani injiniya Bature da ya gama aikin madatsar Rusairis zai koma gida. Ya sa masa sabbin tayoyi da fitila mai haske, ya ɗinka wa sirdin rigar jar fata da hannunsa. Kullum da la'asar yakan bi gaɓar tur'a, wato babbar hanyar ruwan gonaki, rigarsa cike da iska, yana dariya shi kaɗai. Masu gulma sun yi har sun gaji.

"Ba ƙarfen ke damuna ba," in ji Almu. "Baba ne. Yana ce ta rufe mai ido tun shekarun baya. Likitan ido ya sauka Sinnar, gobe yake tashi, lori kuwa sai ranar kasuwa. Don Baba na sa anka yi wa sirdin baya majingina."

"Wa ka gaya wa an sace?"

"Ba kowa. In Baba ya ji, zuciyarshi za ta karye."

"To ci gaba da yin shiru," in ji Mahadi, ya ɗauki hularsa ya kira saje.

Ɗakin ajiyar yana bayan gidan su Almu, a ƙauyen Hillat Audi. Kwaɗon ƙofar lafiyarsa lau, mabuɗin kuma yana rataye a zaure inda kowa na gida ya sani. Mahadi ya tsuguna ya dubi sawun tayoyi. Kusa da su akwai sawun takalmi, duk ta ɓangaren dama, har zuwa inda garken awaki ya tattake komai.

"Kai ta ina kake tura shi?"

"Ta hagu mana, nan ƙafar jingine shi take."

"To wannan tura shi ya yi, kuma bai san ta inda ake kama shi ba."

A zaure suka sami Malam Sambo, mahaifin Almu, ya riga ya naɗa rawanin tafiya tun ba a ce masa ya shirya ba. Jikarsa, ɗiyar Almu, na barci a cinyarsa. Mahadi ya gaishe shi, ya ce wucewa yake yi.

"Yau za a wanke min ido, Sufeto," in ji tsohon. "Lambun lemona na bakin kogi na can na jirana. Maliki ɗan ƙanena ke kula da shi, ya ce itatuwan har sun haɗe kai."

Almu ya juya baya, don hawaye sun cika masa ido. Mahadi kansa sai da tausayi ya kama shi.

Daga nan ya nufi rumfar Jibril makanike, wanda ya yi wa babur ɗin duk gyaran da aka yi. Yana tafe yana juya kalmar alhazai a ransa, ya ga babu laifi ya gwada ta.

"An sace babur ɗin gidan Malam Sambo," ya ce.

Jibril ya ajiye sifana. "Na bakin kogi? Ai wannan sai ƙarti huɗu da amalanke."

"Yaushe rabonka da gidan?"

"Tun da na gama aikin motar ban leƙa ba."

"Ga tabon man hannunka a ƙyauren ɗakin ajiya, ko bushewa bai yi ba."

Jibril ya sosa ƙeya. Ya ce i, jiya ya je, ya leƙa ta kafar ƙyaure don ya sake ganin majinginar, wani ɗan kasuwa na son irinta, Almu kuwa ya hana a kwaikwaya. Da ya ga ƙaryarsa ta fito sai surutu ya ɓarke masa. Har ya ba da labarin makunnin mai da ya ɓoye a ƙarƙashin tanki, wanda in ba shi ko Almu ba, mutum ya kwana yana harbin kik ba zai ji ko tari ba.

Mahadi ya bar shi ya tsallaka wajen Sabuwa mai shayi, wadda babu abin da ke wucewa ta bakin kasuwa ba ta gani ba. Ita ma ya jefa mata maganar.

"Babur kuma? To da mi za su shayar da lambu?" Ta zuba masa shayi. "Ko da yake ban ga ɗan lemo ɗaya daga lambun nan ba bana."

Hayaƙin murhunta ya bugi hancin Mahadi. Ya ɗauki gawayi ɗaya daga buhu, ya karya, ya sansana.

"Wa ke kawo miki wannan?"

"Daga kasuwa nake saye."

"Sabuwa."

Ta gyara mayafi ta rage murya. "Maliki ne. Ya ce kar in faɗi. Gawayi ne mai kyau, ba ya tartsatsi."

Lokacin kwashe karan auduga ne. Dokar gandun Jazira ita ce bayan tsinka kowane manomi ya tumɓuke kara, ya tara, ya ƙone saboda ƙwari. Duk inda ka duba hayaƙi ne ke tashi. Mahadi ya ɗauki saje da Almu, suka sami Maliki a gonar Malam Sambo, tsaye gaban wani tulin kara da ya fi na kowa tsayi, da galan ɗin kananzir da ashana a hannu.

"Sannu da aiki," in ji Mahadi. "Zafin rana bai ko sauka ba za ka kunna?"

"Doka ce, ranka shi daɗe."

"Haka ne. Ka ji an sace babur ɗin gidanku?"

"Na ji, Allah shi tona asiri. Ni dai ko hawa shi ban iya ba, kowa ya sani."

Mahadi ya dube shi na ɗan lokaci, har da ɗan murmushi.

"Maliki, a garin nan wa ke hawa babur?"

Maliki ya ajiye galan ɗin. Mahadi ya ci gaba.

"Na tambayi Jibril, hankalinsa ya tafi bakin kogi. Na tambayi Sabuwa, nata ma can ya tafi. Almu bai gaya wa kowa abin da ya ɓace ba. Kai kaɗai ka ji babur ka tuna abin hawa." Ya miƙa hannu. "Ba ni ashanar."

Saje da Almu suka shiga yaye karan. Madubi ne ya fara leƙowa, sai jar fatar sirdi. Almu ya durƙusa ya rungume tankin kamar wanda ɗansa ya dawo daga tafiya, yana share masa ƙura da hannun riga.

Maliki ya zauna a kan kunya, ya riƙe kai.

"Lemon na sare na yi gawayi," ya ce. "Tun bara. Na fara da guda, na ce ba mai gani. Kafin in farga lambun ya zama fili. Kullum Baffa shi tambaye ni, kullum in ce sun yi kyau. Da na ji za a buɗe mai ido sai barci ya gagare ni. Na ce in likitan ya tafi, halas, shi ke nan."

"Sai ka zaɓi ya zauna a duhu don kar ya ga aikinka," in ji Mahadi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, bai kuma ɓoye ba. Ya sa saje ya buga masa ankwa.

Hanyar ofis ta ƙofar gidan Malam Sambo ta bi. Tsohon yana tsaye da sandarsa, ya ji ƙarar babur na tahowa, ya kuma ji ƙarar ƙarfe a hannun mutum.

"Wa anka kama?"

Maliki ne ya faɗi gabansa yana kuka, ya maimaita abin da ya gaya wa Sufeto.

Malam Sambo ya saurara har ya gama. "Ido na rasa, Maliki, hancina na nan. Bara iskar kogi ta zo ba ƙamshin fure, bana ma haka. Na yi ta tambayarka ne ko za ka faɗa min da bakinka."

"To Baba, mi za ka je ka gani?" in ji Almu a hankali.

"Ɗiyarka. Tun da anka haife ta da yatsa na san fuskarta. Lemo kuwa a sake dasawa, Maliki na fitowa shi zai ja ruwan."

Saje ya ɗaga Maliki ya sa shi gaba. Almu ya kama mahaifinsa ya zaunar da shi, tsohon ya jingina bayansa, ya lalubi fatar sirdin, ya ce ɗinkin ba laifi. Almu ya murɗa makunnin ɓoye, ya harba sau ɗaya, injin ya amsa.

Mahadi ya tsaya yana kallonsu har suka hau gaɓar tur'a suka miƙi hanyar Sinnar. Kafin ƙarar ta nisa ya jiyo muryar Malam Sambo.

"Almu, iyakar gudunshi ke nan? Ƙara mai wuta."