Tulun Da Ya Ce Saura Ɗaya

A can wani zamani, a wani ƙauye da ke gindin dutse, an yi wata shugabar matan zumunta mai suna Rifkatu. Ita ke kaɗa tulu idan ana waƙa a majami'a.

Wata rana aka kama wata gwauruwa, Damaris, ta ɗebi dawar da jama'a suka kawo baiko ga majami'a ta dafa wa 'ya'yanta. Rifkatu ta ce mata, "Kada ki ƙara tako nan."

Ran Lahadi da hantsi, Rifkatu ta buga tulu. Maimakon amo, sai wata murya ta fito daga cikinsa, ta ce, "Saura ɗaya."

Waƙa ta tsaya cak. Rifkatu ta ce, "Ai Damaris laifi ta yi, ni kuwa adalci na yi."

Ta sake bugawa. Tulu ya ce, "Saura biyu."

Ta duba ƙasa, babu inuwarta. Ta kira matan, babu wadda ta waiwayo.

Sai ta ruga bukkar Damaris, ta durƙusa. "'Yar'uwa, ki yafe mini. Ni ma ba ni da wuri sai kin shiga."

Suka shiga majami'a tare, Damaris ta roƙi gafarar jama'a. Rifkatu ta buga tulu.

Tulu ya ce, "Dum."