Bukka Ta Biyar

Ranar kasuwar garin Isa ce Habi ta fara ganin Jibrilla, a shekara ta biyu da ruwan sama ya ɗauke tun gero bai fidda kai ba. Shanun rugarsu sun ƙafe, babu nonon sayarwa, shi ya sa ita da ƙanwar mahaifinta, Goggo Hajo, suka koma saƙar zana suna kawowa kasuwa.

Ya kafe babur ɗinsa, ya durƙusa yana shafa zana ɗaya kamar mai duba yadi. Habi ta ja mayafi tana kallonsa ta gefen ido. Dogo ne, da tsagar Gobirawa a kumatu.

"Goggo, ina wuni. Wa ya saƙa wagga?"

"Ga ta nan tana ɓoyon huska. Nawa za ka ɗauka?"

"Ba zana kaɗai nake so ba. Bukka nake so a kafa mani, irin taku, guda huɗu."

Goggo ta dube shi tun daga hula har takalmi. A rugarsu mata ke kafa bukka, kuma ba a kafa sabuwa sai in za a kai amarya.

"Huɗu rana guda? Yaro, ka ji tsoron Allah."

Jibrilla ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce shi ɗan Sabon Birni ne, a da kaya yake kaiwa Nijar, kasuwa ta mutu da farin nan. Ya samu fili a bakin gandun dajin gwamnati da ke kan hanya. Ɗalibai da masu bincike suna zuwa duba itatuwa da tsuntsaye, otal ya yi masu nisa da tsada. Yana so ya yi masu masauki mai sauƙi.

"Wato mutum shi baro gidan siminti, shi biya kuɗi, shi kwana cikin haki?" in ji Goggo. "Habi, ke da kika yi boko, kin gane?"

Habi ta girgiza kai. Da gaske ba ta gane ba. Abin da ta gane kawai, sau uku yana dubanta.

Bayan kwana biyu suka fara aiki. Masu gadin daji sun yarda a yanki gamba a gefe ɗaya, Jibrilla yana ɗaukowa a babur, Goggo tana kafa ƙirare, Habi tana tanƙwara su tana ɗaurewa da igiyar kaba. Ya taɓa cewa zai taya ta, ƙiraren ya kuɓuce ya make shi a goshi.

"Bagobiri, koma ga babur ɗinka," in ji Goggo.

Tun ranar yake kiran Habi Injiniya. Ba ta taɓa amsawa ba, amma in ya faɗa sai igiya ta rikice mata a hannu.

Waya ɗaya ce a wajen matan rugar, ƙaramar Nokiya ta Goggo, Habi kuma ita kaɗai ta iya karatun boko. Wata la'asar wayar ta yi ƙara.

"Injiniyata, na san ke za ki karanta. Yau na shiga bukkar da kika gama, na kasa fitowa. Ban sani ba ko sanyinta ne ko don hannunki ya taɓa ta."

Habi ta karanta sau biyu.

"Mi yac ce?" Goggo ta tambaya.

"Ya ce gobe a ƙaro igiya."

Washegari wani saƙon ya sake shigowa, Goggo ta sake tambaya, aka sake cewa igiya. A rana ta biyar Habi ta ɓuya bayan garke ta rubuta amsa, ta goge, ta sake rubutawa.

"Mai masauki, sanyin gamba ne. Amma na gode."

Daga nan saƙo ya zama kullum. Bukkoki huɗu suka tsaya a jere, kowace da gadon kara, katifa, gidan sauro da ƙofar langa-langa mai kwaɗo. Baƙi suka fara sauka. Habi takan tsaya daga nesa tana kallon mutane masu tabarau suna ɗaukar bukkarta hoto, ta rasa ko yabo ne ko dariya.

Yero ne ya kai maganar gida. Ɗan kawunta ne, mai tura shanun mahaifinta, ya daɗe da nuna yana sonta, ita kuma tana ganinsa kamar wanta. Da hantsi Baffa Wakili, mahaifin Habi, ya kira ta gindin aduwa.

"An ce Bagobirin ga yana maganar turo manyanshi."

Ta shiga tonon ƙasa da tsinke.

"Ba ni yi maki dole, Habi. In ba ki son Yero, shi ke nan. Amma ni tun da aka haife ni ban taɓa ganin an sayar ma baƙo da inuwa ba. Baƙo in ya sauka, ruwa ake ba shi da tabarma. Mutumin da ke sa ma ɗakin baƙo kwaɗo, ba ni ba shi ɗiyata." Ya dubi shanun da haƙarƙarinsu ya fito. "Nan da kwana goma za mu tashi kudu neman ciyawa. Ki shirya."

Ta so ta faɗa wa Jibrilla, kunya ta hana ta. Tana cikin juya yadda za ta fara, saƙonsa ya shigo.

"Sanyin idona, akwai saura guda. Ta biyar. Wagga ta fi sauran muhimmanci a wajena. Ina so ki yi ta da hannunki, yadda kika fi iyawa."

Da suka je, ya nuna masu wuri can nesa da sauran, kusa da rijiya. Ya ce ta fi su faɗi, a sa gado mai kyau da randa, kuma kada a sa mata kwaɗo. Habi ta sake duban wurin. Bukka a ware, kusa da ruwa, babba, ba ta haya ba. Ko yarinyar goye a rugarsu ta san ta amarya ce. Amma in tata ce, ai ba ita za a ce ta kafa ba. Amarya ba ta taɓa ƙiraren ɗakinta, uwarta da goggonninta ke yi.

Tana cikin wannan tunani sai wata mata ta fito daga bukka ta biyu, fara, da littafi a hannu da takalmin kambas.

"Ga Malama Jamilatu daga Sakkwato," in ji Jibrilla. "Ita ma ta ce wurin ga ya fi."

Jamilatu ta zagaya filin tana aunawa da ƙafa. "Nan iska ke shigowa. Ƙofar ta dubi nan, ko Malam Jibrilla?"

"Yadda kika ce."

Suka yi dariya tare. Habi ta sunkuya ta ɗauki ƙirare. To, ta gane. Ko ba ta gane ba? In haka ne, saƙonnin fa? Ko haka mutanen gari suke yi wa duk wadda ke yi masu aiki?

A hanyar gida Goggo ta ce, "Ki tambaye shi mana."

"In ce mi, Goggo?"

Ba ta tambaya ba. Ta yi abin da ta iya. Ta zaɓi gamba mafi tsawo, ta yi saƙa mai ido biyu wadda ake yi wa amare, ta ɗaura dandamalin ƙirare a ƙuryar ɗakin inda amarya ke jera ƙorenta. In ma wata ce za ta shiga, ba za a ce Habi ɗiyar Wakili ta yi ha'inci ba. Tana ɗauri tana share ido da bakin mayafi, in an tambaya ta ce ƙaiƙayin ciyawa ne.

Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Injiniyata, yau ko gaisuwata ba ki amsa ba. Lahiya?"

"Habi, in laifi na yi ki hwaɗa mani. Na duba ko'ina ban gano shi ba."

A na uku ta ba shi amsa.

"Allah shi sanya alheri. Jibi za ni gama, gata mu tashi kudu."

Wayar ta yi ta ƙara, ba ta ɗauka ba. Goggo ta dube ta, ba ta tambaya ko igiya ce ba.

Ranar tashi, tun da sassafe aka kwance rugar, aka ɗora kaya kan jakuna. Hanyarsu ta bi ta bakin gandun, Baffa Wakili ya ce a tsaya rijiyar a shayar da maruƙa. Habi ta so ta wuce ba ta duba ba, amma ƙafarta ta kai ta ƙofar bukka ta biyar. Ta leƙa.

Wani tsoho ne kwance kan gadon, ƙafafunsa sun faffashe, an shafa masu man kaɗe. Sandarsa da gorarsa da takalman robarsa suna kan dandamalin jeren ƙore. A gefe wata mata da goyo tana dama fura.

Jibrilla ya taho da guga a hannu, idonsa duk ya faɗa. Habi ta manta da kunya, ta manta mahaifinta yana bayanta.

"Wa ya sa su ɗakin amarya?"

"Wace amarya?"

"Taka. Malama Jamilatu."

Ya ajiye gugar a hankali. "Malama Jamilatu tana da miji da ɗiya ukku. Itatuwan da fari ya kashe take ƙirgawa, jiya ta koma." Ya dubi bukkar, ya dube ta. "Habi, wai duk kwanakin ga ɗakin aurena kike kafawa?"

"Ka ce a ware. Ka ce kusa da ruwa, babu kwaɗo."

"Don masu wucewa. Tun da farin ga ya tsananta kullum sai na ga mutane sun kwana gindin itace nan bakin rijiya. Zauren babana a Sabon Birni ba a taɓa ruhe shi ba, ni kuwa ga ni da ɗaki huɗu duk da kwaɗo. Abin yana cin raina." Ya nuna dandamalin. "Ni na ɗauka wanga wurin aje takalma ne."

Goggo Hajo ta toshe baki da zane, kafaɗunta suna rawa.

Baffa Wakili bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya shiga, ya gaida tsohon da Fulatanci, suka jima suna magana ƙasa-ƙasa. Ya tambaye shi abin da ya biya. Tsohon ya ce ba a tambaye shi ko sunansa ba sai da ya sha ruwa.

Da ya fito, ya daɗe yana duban bukkoki huɗun masu kwaɗo, sannan ya dubi ta biyar.

"Waɗancan fa?"

Jibrilla ya durƙusa. "Su ke ciyar da wagga, Baffa. Masu zuwa kallon daji suna da abin biya. Waɗanga ba su da."

"Hmm." Ya juya ga ɗiyarsa. "Ke kuma, kin yi ma baƙo saƙar amare."

"Ban sani ba, Baffa."

"Bai ɓaci ba. Baƙo ya cancanta." Ya gyara sandarsa a kafaɗa. "Yaro, in da kana neman aure a wajenmu, da ka san ba ka cewa a kafa maka ɗaki."

"Na sani, Baffa. Goggo ta hwaɗa mani tun sati na farko. Shi ya sa ban ce ba."

Duk suka juya ga Goggo, ita kuwa ta duƙufa gyaran kayan jaki.

Yero ne ya tura shanun kudu da sauran samari. Kafin ya tafi ya ware wata karsana ja, ya ɗaure ta a turken rijiyar, ya ce ta ƙanwarsa Habi ce, bai tsaya jin godiya ba. Baffa da matan suka sauke kaya a gefen gandun, ya ce ƙafarsa ta gaji da tafiya, kowa kuma ya san ba ƙafa ba ce.

Bayan sati uku manyan Jibrilla suka zo daga Sabon Birni da goro. Aka ɗaura aure ranar Juma'a a gindin aduwa, ba tare da wani taro mai yawa ba, shekarar ba ta bari ba. Inna Fadima, mahaifiyar Habi, da Goggo Hajo suka kafa bukka ta shida a bayan sauran. Habi ta ga ɗauri ɗaya ya karkace, ta miƙa hannu, Inna ta buge shi.

"Taki ce wagga. Koma ki zauna."

Da la'asar, kafin a raka ta, wayar Goggo ta yi ƙara. Habi ta karɓa a ƙarƙashin lulluɓi.

"Amaryata, ina bakin rijiya ina kallon ɗakinki daga nesa. Wanga karon na tambaya, an ce dandamalin ba wurin takalma ba ne. Allah shi bar mu tare."

"Mi yac ce?" in ji Goggo.

Habi ta yi murmushi. "Igiya, Goggo."

"Awo. Igiyar da yaron ga ya nema cikin wata biyu ta isa ɗaure shanun Gobir duka." Ta kama hannunta ta tashe ta. "Taho mu tahi. Allah shi ba ku zaman lahiya, shi ba ku zuri'a mai albarka, shi sauko muna da ruwa. Ɗakin baƙo kuma kada ku taɓa sa mashi kwaɗo."

Matan suka amsa da amin, suka sa ta a tsakiya, suka nufi bukka ta shida.